Ranar da Aka Hana Baba Gyara Magana

Baba Gyara mutum ne mai baki. Wannan ba gulma ba ce, shi ma ya sani, matarsa ta sani, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya a benen nan mai hawa huɗu da yake kula da shi ya sani. In ya shigo maka gyaran famfo, kafin ruwa ya daina ɗiga sai ka ji tarihin famfon, da na wanda ya ɗaura shi, da laifin wanda ya murɗe shi da ƙarfi, wato kai. Amma aiki kam ya iya, ba a ƙwace masa wannan. Shekara talatin da ɗaya yana hawa yana sauka da akwatin kayan aikinsa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, kuma da gaske suke yi.

Mai Gini ce ta fara faɗa masa a fili. Tsohuwa ce mai sanda, ba ta san kwana-kwana ba. Ta same shi a hawa na biyu zaune a kan matakala yana haki, yana yi wa bango bayanin cewa hutawa kawai yake yi.

"Ƙarshen watan nan ka ajiye," ta ce. "Ba ni na kore ka ba, gwiwarka ce. Akwai wani kamfani da ke bibiyata in ba su kula da ginin. Akwai kuma 'yarka. Ni ban san aikin gyara ba, kai na sani. Ka dube ni ka ce ta iya, in ɗauke ta, ku ci gaba da zamanku a ɗakunan ƙasa. In ba za ka iya faɗa ba, kada ka faɗa."

Mai Gini ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen wata, ta ci gaba da hawa da sandarta.

'Yar da ake magana ita ce Noti. Sunan ya bi ta tun tana ƙarama, saboda in za a wanke rigarta sai an zazzage notuna da ƙusoshi daga aljihu. Yanzu shekararta ashirin da uku. Ba ta fara magana ba sai da ta kusa shekara tara, kuma har yau kalmominta ƙirgaggu ne. Karatu mai tsawo yana ba ta wuya, hayaniya tana rikita ta, sabon abu sai an bi da ita a hankali. Amma abin da ya shiga kanta ya shiga ke nan, ko da guduma ba ka fitar da shi. Tun tana rarrafe take bin ubanta ɗaki-ɗaki, ta zauna a gefe ta zuba wa bango ido, shi kuwa yana ta zuba. Shekara uku ke nan tana zuwa makarantar koyon sana'a ta masu buƙata ta musamman, a ajin gyaran gidaje.

Kalma biyu kawai ake nema daga bakinsa, ta iya, kuma da su ɗakunan ƙasa za su zauna a hannunsu, Noti ta sami abin da za ta riƙe in ba ya nan. Wannan ne abin da ke hana shi cin abinci. To amma Baba Gyara bai taɓa yin ƙarya a kan aiki ba, kuma gaskiyar magana bai sani ba ko ta iya.

"Ta ina za ka sani?" in ji Innar Noti, tana ninke kaya ba ta ko dube shi ba. "Ka taɓa barin ta ta ɗaure ƙusa ɗaya ba ka ce 'kawo nan' ba?"

"Nuna mata nake yi."

"Shekara ashirin kana nunawa. Allah ya ba ka lada."

Ana cikin haka Malamar ajin su Noti ta aiko da takarda. Za a yi gasa tsakanin makarantu irin tasu, ta gyaran gida, kuma an zaɓi Noti. Mai Gini da ta ji sai ta ce za ta je ta ga abin da idonta. Baba Gyara ya so ta ce ƙafarta na ciwo, amma ranar Asabar da safe ga ta a bakin ƙofa da sandarta, ta riga su shiryawa.

Babban ɗakin taro ne aka kwashe kujerun tsakiya. An jera ƙananan ɗakuna takwas na allon katako, kowanne da bango uku, gefen da ke kallon jama'a a buɗe yake don kowa ya ga aiki. A cikin kowanne akwai kujera da tebur, da famfo mai ɗiga a kan kwanon wanke hannu, da soket ɗin wuta da ya ƙone, da rami a bango kamar an kai masa naushi. A bangon gefe kuma akwai ƙofa wadda ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Aiki huɗu ke nan, cikin awa ɗaya da rabi. An rataye ƙaton agogo a sama, an ja igiya tsakanin ɗakunan da kujerun iyaye.

Mai sanarwa ya karanta doka. Duk mahaifi ko malamin da ya yi wa ɗalibi magana, ko ya yi masa nuni da hannu, an fitar da ɗalibin. Bai gama rufe baki ba Malama ta ratso kujeru ta durƙusa a gaban Baba Gyara.

"Baba, don girman Allah."

"Ni? Ni me na ce?"

"Ba ka ce komai ba tukuna, Baba. Haka nake so a tashi."

Sai ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, ya cije leɓe. Raɗa ma bai yarda da kansa ya yi ba, don Allah bai ba shi ƙaramar murya ba.

Ɗalibai suka fito da rigunan aiki, kuma tun a nan jikinsa ya fara sanyi. Ga wani saurayi kurma, dogo, yana jera kayan aikinsa yana yi wa malaminsa magana da yatsu kamar walƙiya. Ga wata a keken guragu, ta ɗaure akwatinta a gefen keken, ta yi wa sifanarta dogon mariƙi da kanta. Ga wani mai hannu ɗaya da ya riƙe allo da gwiwa da haɓa yana gwada zarto, ko a jikinsa. Baba Gyara ya daɗe yana cika baki cewa shi da gyara sai dai a yi shiru, yau ga shi yana kallon waɗanda aka hana rabin abin da aka ba shi, suna shirin yin aikinsa. Noti tana a lamba shida, ta rungume akwatinta da hannu biyu, tana kallon ƙasa.

Aka buga ƙararrawa. Bakwai suka faɗa ɗakunansu ta gefen da yake buɗe, kamar yadda duk mai hankalin gasa zai yi. Noti kuwa sai ta zagaya ta gefe, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ajiye akwati, ta ƙwanƙwasa sau uku.

"Sallama dai. Mai gyara ce."

Ta tsaya tana jira.

Wani ya yi dariya a baya, wasu suka taya shi. Ɗakin nan kowa yana ganin cikinsa, babu kowa sai kujera da tebur. Baba Gyara ya san mafarin abin. Shi ya koya mata, sau dubu in an ƙirga: ba a shiga ɗakin mutum sai ya amsa. Ga shi ta ɗauki maganar ta kawo inda babu mutum, babu ma bango. Minti ɗaya ya wuce. Ta sake ƙwanƙwasawa, ta kara kunnenta a jikin ƙyauren. A lamba biyar kurman nan har ya kwance kan famfo. Minti uku, minti huɗu. Malama ta rufe fuska da tafin hannu. Kalmar "shiga" ta taso wa Baba Gyara tun daga ciki, ta cika masa maƙogwaro, ya haɗiye ta da ƙyar har idonsa ya kawo ruwa. A ransa ya ce shi ke nan, ga amsar Mai Gini nan an ba ta a bainar jama'a.

Babban alƙalin gasar wani tsohon kafinta ne mai farin gemu, wanda zarto ya tafi da yatsu biyu na hannunsa na dama tun yana saurayi. Ya daɗe tsaye yana kallon Noti. Da agogo ya cinye minti bakwai sai ya miƙa wa mataimakinsa takardar hannunsa, ya shiga lamba shida ta gefen da yake buɗe, ya zauna a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wa ke nan?" ya ce da ƙarfi.

"Mai gyara ce."

"Shigo, 'yata. Sai kin tura, ƙofar ba ta da kirki."

Ta tura ta shiga. Ta goge ƙafa, ta gaishe shi, ta shimfiɗa tsohon zane a ƙasa ta ɗora akwati a kai. Ba ta dubi agogo ba, ba ta dubi jama'a ba. Ta dubi alƙali.

"Wanne ya fi damun ka, Baba?"

"Ƙofar nan," in ji shi.

"Bango zan fara. Yana son lokaci ya bushe. Sai ƙofarka."

Tsohon ya ɗaga gira, ya gyara zama. Baba Gyara ma ya ɗaga tasa, don shi ma da bango zai fara, kuma bai tuna ya taɓa faɗa mata dalili ba.

Ta kankare bakin ramin, ta jiƙa shi, ta kwaɓa filasta daidai abin da zai isa, ta cike, ta shafe da shafa biyu. A nan ne ya lura da hannun da take aiki da shi. Hagu ne. Shekara da shekaru in ta ɗauki abu da hagu sai ya karɓe ya sa mata a dama, yana mita, ita kuma ta yi ta fama abu na zamewa, shi kuma ya ce kawo nan. Yau babu mai karɓewa, kuma hannun nan yana tafiya kamar ba nata ba, ko kuwa a ce yau ne ya zama nata.

Ta koma kan ƙofa. A sauran ɗakuna ana ta feren ƙyaure, ɓawon katako na zuba. Ita sai ta buɗe ta rufe sau biyu tana kallon sama, ta sa hannu ta ɗaga ƙyauren, ya motsa. Ƙarfen sama da ke riƙe da shi ne ya saki, ramukan ƙusoshinsa sun yi faɗi. Ta ciro tsinken ashana da gam don ta toshe ramukan, ta ɗauki guduma, sannan ta tsaya.

"Akwai jariri mai barci?"

"Babu," in ji alƙali.

"Na maƙwabta fa?"

"Sun fita da shi."

Sannan ta buga.

Mai Gini ta karkato ta zunguri Baba Gyara da gwiwar hannu. Ita ta iya raɗa. "Tagwayen hawa na uku," ta ce. "Ka tuna? Uwarsu ta kwana biyu ba ta runtsa ba, ta samu sun yi barci, kai kuma ka zo da gudumarka. Har bakin titi ta biyo ka da ludayi."

Ya tuna sarai. Yana da bayani a kan wannan rana, bayani mai kyau, wanda ya nuna laifin mijin matar ne. Babu halin yi. Kuma da ya ƙara tunani sai ya ga Noti a wurin, 'yar shekara biyar, zaune a kan matakala tana kallon bango.

Ƙofa ta rufu da ɗan ƙaramin ƙas, ba kafaɗa ba komai. Noti ta nufi akwatin wuta, ta ɗaga hannu, ta sake tsayawa.

"Zan ɗauke wuta. Akwai mai rubutu a kwamfuta?"

"Malamin lissafi," in ji Mai Gini a kunnensa, kafaɗunta na rawa. "Ka ɗauke wuta, tambayoyin jarrabawar aji shida da yake rubutawa suka tafi. Har kuka ya yi, bawan Allah."

Noti ta kashe wuta, ta cire fis ta jefa a aljihunta don kada wani ya mayar, ta gwada soket da testa, abin gwajin wuta, ta sake gwadawa. Ta kwance, ta yanke bakin wayar da ya ƙone, ta fere sabo, ta ɗaure kowace waya a gidanta, ta ja su ɗaya bayan ɗaya ta ji sun kama. Babu gaggawa a hannunta, babu kuma motsin banza. Mutanen da suka yi dariya ɗazu sun bar kallon 'ya'yansu, sun juyo lamba shida.

Da ta durƙusa wajen makullin ruwa, Baba Gyara ya riga ya san abin da za ta ce, ya sunkuyar da kai yana jira.

"Akwai mai wanka?"

Wannan karon Mai Gini sai da ta toshe baki da gefen mayafi. Ba ta ma faɗa ba. Direban nan ne na hawa na biyu, wanda Baba Gyara ya rufe wa ruwa yana tsakiyar wanka, ya fito har tsakar gida da tawul, sabulu ya rufe masa ido, yana laluben wanda zai shaƙe.

Nan Baba Gyara ya gane abin da yake kallo, kuma dariya ba ta zo masa ba. Bai koya mata ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba. Malama ma ba ta koya mata ba, don ba ta san direba ba, ba ta san tagwaye ba. Duk ranar da ya ɓata wa wani rai a ginin nan, yarinyar da yake zaton hankalinta ba ya wurin tana zaune tana ajiyewa. Ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Ta dai tattara su kamar yadda take tattara notuna, ta mai da kowanne tambaya. Ya ji kunya, ya ji tsoro ma kaɗan, irin tsoron da mutum ke ji in ya gane an daɗe ana kallon sa da idon da ya fi nasa gani.

Sai dai agogo ba ya jira. Minti bakwai ɗin nan na bakin ƙofa suna nan sun biyo ta. Ta kwance famfo, ta jera sassansa a kan zane bi da bi, ta ciro robar da ta cinye tana dubawa, aka buga ƙararrawa.

"A ajiye kayan aiki!" in ji mai sanarwa.

Ko'ina aka ɗaga hannu. Wasu sun gama, wasu sun bar famfo a wargaje, haka doka ta ce. Noti ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa har ƙarar ta wuce, ta ɗauki sabuwar roba. Mataimakin alƙali ya matso da sauri.

"Lokaci ya cika, 'yar'uwa. Ki ajiye."

"Ruwansa a rufe yake," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na sani, amma in kin ci gaba ba za a ba ki maki ba."

"Ba shi da ruwa," ta ce. Ta nuna tsohon da haɓa, kamar mai mamakin a ce sai an yi wa babban mutum bayanin wannan.

Mataimakin ya buɗe baki, tsohon kafinta ya ɗaga masa hannun nan mai yatsu uku, shi kuma ya ja da baya.

Ban san yadda zan kwatanta shirun da ya sauka a ɗakin taron nan ba. Mutum ya fi ɗari biyu, ga yara ga manya, amma kana jin ƙarar sifana tana kama noti. Kurman nan ya fito daga lamba biyar ya tsaya yana kallo, mai keke ta gungura ta zo kusa da shi, sauran ma suka taru. Gasa ta ƙare, kowa ya san lamba shida ta fita daga lissafi, ba abin da za ta samu. Ita kuwa tana mayar da sassan famfo ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar wanda ake jira ya gama a ɗora tukunya. Baba Gyara ya ga hannayensa sun fito daga ƙarƙashin cinyoyinsa sun kwanta a kan gwiwa, ba sa son karɓar komai.

Ta buɗe makullin ruwa, ta kunna famfo ya zuba, ta rufe. Ta sa busasshiyar takarda a ƙasansa ta tsaya kallo. Takarda ta zauna a bushe.

"Zo ka gwada, Baba. Da hannunka."

Tsohon ya taso ya kama kan famfon da yatsunsa uku, ya murɗa, sai da ya ɗan yamutsa fuska kafin ya buɗe. Noti ta dubi hannun, ta dubi famfon. Ta sake ɗaukar sifana ta ɗan sassauta notin wuyansa, ta shafa masa mai, ta goge.

"Sake."

Ya sake. Famfo ya juya masa kamar da ma shi yake jira, kuma bai ɗiga ba. Tsohon ya tsaya yana kallon hannunsa, ya buɗe ya rufe sau uku, gemunsa na motsi.

Ta share ƙasa, ta naɗe zane, ta rufe akwati. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Kai kaɗai kake zaune?"

Da alƙali ya amsa, muryar ba ta wasan da ya faro ba ce.

"Ni kaɗai, 'yata. Shekara huɗu ke nan."

"To. In na ƙwanƙwasa ba ka amsa ba, ba zan tafi ba. In ka faɗi, ka buga ƙasa. Zan ji."

Mai Gini ba ta zunguri kowa ba wannan karon. Ta riƙe sandarta da hannu biyu ta kalli gabanta, don ita ma ta san wannan rana.

A hawa na huɗu an taɓa yin wani tsoho mai gyaran agogo, shi kaɗai yake zaune. Ya aiko a zo a duba masa famfon banɗaki. Baba Gyara ya hau da hantsi, Noti na biye da shi, shekararta bakwai. Ya ƙwanƙwasa sau biyu bai ji amsa ba, ya sauko yana faɗa a kan mutanen da za su kira ka su fice yawonsu. Ashe tsohon ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Sai washegari da azahar aka fasa ƙofa. Ya rayu, amma bai sake takawa ba, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi. Baba Gyara mai labarin kowane famfo a ginin nan bai taɓa ba da wannan labari ba, ko ga Innar Noti.

Aka yi tafi, aka kira sunayen waɗanda suka ci. Kurman nan ne ya zo na ɗaya, kuma ya cancanta, mai keke ta biyu. Noti ta tafa musu da gaske. Tsohon kafinta ya ce wani abu a lasifika game da lamba shida, mutane suka miƙe tsaye, amma Baba Gyara bai ji ko kalma ɗaya ba. Aka kwance igiya. Noti ta zo ta tsaya a gabansa da akwatinta.

"Ban gama da wuri ba, Baba."

An sake masa baki yanzu, yana iya faɗin duk abin da ya ga dama. Ya dube ta daga zaune, ya ga ashe doguwa ce.

"Noti," ya ce, kuma yau Allah ya ba shi ƙaramar murya. "Mai agogo. Kina tuna shi?"

"Ina tunawa."

"Ba mu san yana ciki ba, 'yata. Da mun sani..."

"Ya buga ƙasa," ta ce. "Sau uku. Na ji."

Ta nuna ƙafar wandonsa.

"Na ja maka wando. Kana magana."

Ba da zafi ta faɗa ba. Haka take faɗin roba ta cinye ko waya ta ƙone. A lokacin ba ta da kalma ko ɗaya a bakinta, tana da kunne da hannu kawai, ta yi amfani da su, shi kuma ya ce ta sake masa wando ta yi sauri. Shekara goma sha shida tana ɗauke da wannan, ba ta zarge shi ba, ba ta kuma ajiye ba. Hawaye suka zubo masa a gaban mutane, bai share ba. Noti ta ajiye akwati ta ciro tsumma mai tsabta daga aljihu ta miƙa masa, ta tsaya tana jira ya gama.

Mai Gini ta bar shi har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Ban ce sai yau ba," ta ce. "Kana da sauran kwana tara."

Ya girgiza kai. Ya dafa kujera ya miƙe, gwiwoyi na ƙara, don irin wannan magana ba a zaune ake yin ta ba. Ya dubi Mai Gini ido cikin ido kamar yadda ta nema.

"Ta iya, ranki ya daɗe," ya ce. "Ki ba ta ginin. Kuma duk tsohon da ya zo neman ɗaki shi kaɗai, ki ba shi, kada ki ji tsoro."